Baitin Farko na Waƙar Sorcha

Dublin, 21 ga Janairu, 1979

Yaya Bairbre,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, ke da Baba. Yaya ƙirjin nasa? Ki ce masa ya daina fita wurin saniya ba hula, shi ba yaro ba ne. Ni lafiyata ƙalau, sai mura da ta ƙi rabuwa da ni tun da aka mayar da mu aikin gini a bakin kogi. Safar da kika saƙa mini ta iso. Ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma na gode.

Ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san duk Juma'a muna waƙa a wata mashaya, ni da abokaina biyu, ɗaya da jita. Mai wurin ba ya ba mu ko sisi, da kofin giya yake sallamar mu, kamar yadda ake yi wa kowa. Makon jiya wani ya ce in yi musu ta gida, sai na rufe ido na rera baitin farko na waƙar Sorcha. Na farkon kawai, inda kwale-kwale ya baro Galway ɗauke da gangunan giyar biki, iska tana bayansa, maza suna dariya. Ina gamawa wani mutum mai kwat ya ja ni gefe. Ashe ma'aikacin kamfanin talla ne, kuma suna neman waƙar da za su tallata wata baƙar giya da ita a talabijin. Da na fassara masa baitin zuwa Turanci, ya ce bai taɓa jin waƙar da ta sa shi ƙishi irin wannan ba. Za su nemo kwale-kwale da ganguna, su sa mini farar suwaita, in rera.

Na san waƙar ta Baba ce, kuma muddin yana raye babu wanda zai buɗe baki da ita sai da izininsa. Don haka ki tambayar mini shi. Ki bari sai ya sha shayi, kada ki tare shi da ita da yunwa.

Ƙaninki,
Darach

Carna, 2 ga Fabrairu, 1979

Darach,

Mun ga takardarka, mun gode Allah da kake lafiya. Ƙirjin Baba da sauƙi, tarin ne dai da safe. Hula kuwa, ka zo ka sa masa da kanka. Batun safa, ƙafarka ce ɗaya ta fi ɗaya, tun kana yaro haka take.

Na karanta masa saƙonka bayan ya sha shayi, kamar yadda ka tsara. Ya ajiye cokali, ya daɗe yana kallon murhu, sannan ya ce, "Darach ai ya girma. Ya yi abin da ya ga dama." Daga nan ya tashi ya tafi wurin saniya, alhali na riga na tatse ta. To, ka dai san Baba, ba sai na ƙara komai ba.

Ni abin da ya ba ni haushi shi ne har ka iya buɗe baki da baitin a gaban mutanen Dublin, kana tsaye tsakanin jita da kofuna. Wannan ma ban so ya ji ba, amma ya riga ya fita daga bakina kafin in lura. Farar suwaita kuma, kai da ba ka taɓa kai riga yamma da haskenta ba.

Labarin gida: Nuala ta Kawu Festy za ta yi aure a watan Yuni, angon wani ɗan garin Cill Chiaráin ne mai kamun kifi, ba shi da surutu, kunnuwansa ne dai manya. Baba ya yi mata alkawarin zai rera waƙar Sorcha daga farko har ƙarshe, kamar yadda ake yi a bikin kowace 'yar dangi. Rabonsa da ita tun rasuwar Mama. Ka nemi hutu tun yanzu.

Yayarka,
Bairbre

Dublin, 10 ga Fabrairu, 1979

Yaya Bairbre,

Ina gaishe ku da kyau, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Murar tawa ta tafi, ina jin murna ce ta kore ta.

Ki rungume mini Baba, ko da zai ture ki. Na yi zaton sai an kai ruwa rana kafin ya yarda, sai ga shi ya ce in yi abin da na ga dama. Ban taɓa tsammanin zan ji ya ce na girma ba. Na nuna wa mai kwat ɗin layin da idonsa, na sa hannu a takardarsu jiya. Za a ɗauki hoton a watan gobe. Sun ce za a ɗan ƙara wa waƙar sauri, a sa maza su amsa, don ta shiga cikin rabin minti. Idan an biya ni zan saya muku talabijin, ku daina zuwa mashayar Mulkerrin kallon labarai.

Biki kuwa zan yi ƙoƙari.

Naki,
Darach

Carna, 17 ga Fabrairu, 1979

Darach,

Lafiyarmu ƙalau. Na gama gaisuwa ke nan.

Kai wane irin mutum ne? Shekara goma a Dublin ta wanke maka kai har ka manta yadda ubanka yake cewa a'a? Yaushe ka taɓa jin mutumin Carna ya ce a'a da bakinsa? Ranar da ka ce za ka bar makaranta me ya ce maka, ba cewa ya yi ka yi abin da ka ga dama ba? Sannan ya yi wata guda bai dube ka ba. Na rubuta maka ya tafi wurin saniyar da aka riga aka tatsa. Me kake so in ƙara, in zana maka hoto?

Tun da ƙwaƙwalwarka ta zama siminti, bari in tuna maka abin da ka sayar. Gangunan nan da suke sa mai kwat ɗinka ƙishi, a hanya mazan suka fasa ɗaya. Kaka Sorcha tana tsaye a kan duwatsu tare da 'yan biki, tana ganin su, suna ɗaga mata hannu, kwale-kwalen ya kife a bakin mashiga. Gangunan sun iso gaɓa lafiya lau. Mijinta Colm da ƙaninsa Tadhg da ɗanta na fari ba su iso ba. Sunan ɗan nan aka ba ka. Shi ya sa ba a rera layin ƙarshe, faɗarsa ake yi da baki, a kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Baitin farko yana da daɗi ne don ya fi ciwo idan an kai na ƙarshe. Kai kuma ka yanke kan ka miƙa wa masu giya.

Kuma ka sani, duk duniya Baba kaɗai ke da ita cikakkiya. Ni ban iya haɗa baitocin tsakiya ba, don duk lokacin da ya kai wurin ina kicin ina wanke kofunan mutane. Kai kuwa ba ka taɓa zama ka ji ƙarshenta ba, ƙafarka ba ta barinka. Bai ba kowa ita ba tukuna, kuma ka san ba a takarda ake ba da ita ba.

Ban faɗa masa ka sa hannu ba. Ka koma wurin mutumin nan gobe, ka ce ka fasa. Ka rubuto mini da zarar ka yi.

Bairbre

Dublin, 1 ga Yuli, 1979

Yaya Bairbre,

Ina fatan kuna lafiya, ke da Baba. Ni dai ga ni nan.

Jiya takardarki ta Fabrairu ta iso, ta yi laushi kamar an dafa ta. Tun ranar da kika jefa ta ma'aikatan gidan waya suka shiga yajin aiki, ta kwana a buhu har bazara. Na gwada kiran waya ba sau ɗaya ba, babu mai haɗa layin Carna. Da na ji shiru na ɗauka komai lafiya. Tallar tana fita tun watan Mayu, kin san wannan, tunda duk ƙasar ta sani.

Amma ki tsaya, kada ki ɗora mini kayan duka. Ke kika rubuta "ya yi abin da ya ga dama". Da kin ƙara kalma ɗaya, ki ce bai yarda ba, da alƙalaminki ya karye? Ku mutanen gida kuna magana da gira da saniya, sannan ku ce wanda ke nesa ya gane. Ni takarda aka aiko mini, ban ga fuskarsa ba.

Sannan wannan tsarkin da kike ba waƙar, ina ya fito? A ina Baba ya yi shekara arba'in yana waƙa, a coci? A mashayar Mulkerrin ne, kuma da me aka biya shi in ba kofin giya ba? Sau nawa ni da ke muka je muka kamo shi? Mulkerrin ya cika aljihu da muryar Baba, babu wanda ya ce ya ci amana. Ni da na tashi daga ɗaukar bulo, aka kira ni da suna a ofis, aka ba ni kujera, ni ne na zubar da mutuncin dangi. Yanzu yara a titi suna rera waƙar kakarmu da harshenmu, yaran da ko gaisuwa ba su iya da shi ba. Wannan ba komai ba ne a wurinki?

Biki ban samu zuwa ba, sun kai mu Cork muna waƙa a mashayu da sunan kamfanin. Yaya aka yi? Baba ya rera? Talabijin ɗin tana hanya, direban motar kifi zai kawo.

Ƙaninki,
Darach

Carna, 9 ga Yuli, 1979

Darach,

Jikinmu lafiya. Baba yana cin abinci, yana barci, yana zuwa coci. Talabijin ta iso, tana cikin kwalinta a bayan ƙofa, na ɗora buhun dankali a kai.

Ka tambayi biki, to ga shi. Bayan coci aka taru a mashayar Mulkerrin, rana tsaka, an ci an sha. Kawu Festy ya buga tebur ya ce a yi shiru, Baba zai yi waƙa. Baba ya zauna a kusurwarsa, ya ja hula ya rufe ido, ya miƙa hannu, Kawu Festy ya kama yana juya masa shi a hankali yadda aka saba yi wa mai waƙa. Ya fara. Darach, muryarsa ba ta taɓa yin kyau irin na ranar ba.

Bai kai ƙarshen layi na biyu ba samarin dangin ango suka gane ta. Wani ya ce, ai waƙar talabijin ce. Suka ɗauka gaba ɗaya, da saurin nan naku, suna buga kofuna a tebur, suna amsawa. Ba da mugunta suka yi ba, murna suke, sun ɗauka taya shi suke yi. Suka kai ƙarshen baitin suka yi tafi, suka ɗaga kofuna, wani ya ce a ƙaro. Baba yana ƙoƙarin shiga baiti na biyu, babu mai jin sa. Na ga bakinsa yana motsi. Sannan ya zare hannunsa daga na Kawu Festy, ya sa a aljihu.

Ka ce a mashaya Baba ya yi waƙa duk rayuwarsa. Gaskiya ne, kuma ba sai ka tuna mini daren da muka riƙa kamo shi ba, ni na fi ka ɗaukar nauyinsa. Amma ka manta abu ɗaya. Idan Baba ya buɗe baki, Mulkerrin yakan saki famfon giya ya naɗe hannu. Ba a zuba, ba a biya, ko kofi ba a ajiyewa da ƙarfi, har sai an kira sunayen nan uku. Mulkerrin, da son kuɗinsa, asara yake yi duk lokacin da Baba ya yi waƙa. Ranar bikin Nuala famfon bai tsaya ba. Ni da idona na ga ɗan Mulkerrin yana zuba wa mutane yana rera baitinka.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka kai ƙofa ya ce, "Yaron yana da murya." Tun ranar ko gunaguni na waƙa bai ƙara yi ba, shi da yake rera wa saniya. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce waƙar ta zama ta kamfani, su rera abinsu.

Batun kalma ɗaya da ban ƙara ba, na ji. Ni ban san akwai ranar da zan fassara maka ubanka ba.

Bairbre

Dublin, 29 ga Yuli, 1979

Yaya Bairbre,

Na gaishe ku. Lafiyata lau, barci ne dai babu.

Na karanta takardarki a wurin aiki, na kasa ƙarasa abincina. Na je ofishinsu na ce su janye tallar. Mai kwat ɗin ya ba ni shayi, ya saurari labarin Sorcha har ƙarshe, ya ce abin tausayi ne ƙwarai, sannan ya ce cinikinsu bai taɓa hawa irin na bana ba, kuma na sa hannu. Har ya tambaye ni ko Baba yana da wasu waƙoƙin. Ban mare shi ba, ki ba ni wannan ladan.

Yanzu duk mashayar da na shiga sai a ce in yi ta kwale-kwale. Na ƙi ranar Juma'a, mai wurin ya ce in ba zan yi ba akwai masu yi. Ni ma ta ishe ni, Yaya, kada ki ɗauka ina jin daɗi.

Ga shawara. Na san wani malami a jami'a mai yawo da rakoda yana ɗaukar tsofaffin waƙoƙi. Mutumin kirki ne, ba ya sayar da komai. In turo shi? Ko sau ɗaya Baba ya rera masa, an tsira da ita. Ni kunya ba za ta bar ni in zo yanzu ba. Ki lallashe shi, ke yake ji.

Darach

Carna, 16 ga Satumba, 1979

Darach ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da jinkiri, wannan karon ba gidan waya ba ne, ni ce. Baba ya kwanta a watan Agusta, ƙirjin ya tashi sosai har likita ya zo daga Galway. Ya miƙe yanzu, amma numfashinsa ya gajarta. Likita ya ce ya manta da doguwar waƙa, ko hawan tudu sai da hutu.

Na faɗa masa batun malaminka. Ya ce na'ura tana da hannu? Amsarsa ke nan, kuma don kada mu sake, bari in fassara maka: a'a.

Na yi fushi da shi kamar yadda na yi da kai. Na ce masa ku biyun duk ɗaya kuke, ɗaya ya sayar da kan waƙar, ɗaya zai shiga ƙasa da gangar jikinta, ni kuma a bar ni da wanke kofuna. Na ce Sorcha ba ta tsaya a kan duwatsu ta haɗa waƙar nan don wani tsoho mai taurin kai ya yi gaba da ɗansa da ita ba. Na faɗi maganganu da yawa, har saniya ta ji. 

Bayan kwana biyu ina feren dankali da rana, sai ya ce in ajiye wuƙa. Ya miƙo hannu. Na ɗauka tashi yake so ya yi, na kama don in ɗaga shi, sai ya riƙe nawa ya fara juyawa. Ya ce, "Fara." Na ce wa, ni? Ni da Mama take cewa muryata kamar ƙofar rumbu? Ya ce ba murya ya tambaye ni ba. Haka muka yi ta yi kullum bayan abincin rana, yana faɗa mini layi da ɗan numfashin da ya rage masa, ina rerawa, yana matse mini yatsu idan na kauce. Yatsuna har yanzu ciwo suke. Baitocin tsakiya sun fi yadda nake zato nauyi, akwai inda Sorcha take zagin gangunan ɗaya bayan ɗaya, na yi kuka na jiƙa dankalin.

Ranar Lahadin da ta wuce na kai ƙarshe ba tare da ya matse ni ba. Ya saki hannuna ya ce, "To, taki ce." Sai ya tambaya ko akwai sauran shayi.

Don haka ka buɗe kunnenka, zan faɗa maka dalla-dalla, ba gira ba saniya. Waƙar Sorcha tawa ce yanzu. Kamfani ya riƙe rabin mintinsa, ba ni da yadda zan yi da su. Amma kai, muddin ina raye, ba za ka ƙara buɗe baki da ita ba, ko a Dublin ko a Cork ko a banɗaki. A'a nake cewa, da baki.

Matar Kawu Festy za ta cika shekara da rasuwa a ƙarshen Oktoba, za a taru a mashayar Mulkerrin bayan coci, kuma a nan zan rera ta karon farko a gaban mutane. Na riga na je na sami Mulkerrin, na gaya masa idan na ji ɗigon giya ɗaya ya sauka a kofi zan fasa famfon da hannuna. Ya ce ya ji. Tsoro nake ji, Darach. Baba ba zai iya zaman juya hannu na tsawon waƙar ba, Kawu Festy kuma yana cikin makoki.

Kai za ka zo. Kunyarka ka taho da ita, akwai wuri a bayan ƙofa kusa da talabijin. Ka bar farar suwaitar a can. Za ka zauna a gefena a gaban Baba da duk Carna, ka riƙe hannuna, ka rufe bakinka, kuma ba za ka tashi ba sai na kai layin ƙarshe ka ji na kira sunanka.

Yayarka,
Bairbre